Serah da Tulun da Ya Shiga Kwamfuta

A Kurudu, idan aka ce Serah Yamusa, ba kowa ne zai gane ba. Sai an ce 'yar Mama Magdalena mai bayar da waƙa a Zumuntar Mata ta coci, ko a ce yarinyar nan da kullum kunnenta yake toshe da igiyar jin waƙa. Ba ta da yawan magana. In ta gaishe ka ta wuce, to ta gama da kai sai gobe. Amma wanda ya taɓa zama kusa da ita a mota ya san yatsunta ba sa hutawa, kullum suna ƙwanƙwasa wani abu a kan gwiwarta.

A Mpape aka haife ta, lokacin babanta yana tuƙa tifa a wurin fasa dutse. Iyayenta mutanen wajen Akwanga ne, suna da yarensu, amma Hausa ce ta coci da kasuwa da faɗan maƙwabta, don haka da ita Serah ta tashi. Tun tana ƙarama wani abu yake damun ta. Idan aka tashi nakiya a dutse, ƙarar sau biyu take zuwa, ta farko mai kaifi, ta biyu mai nauyi daga bayan tudu. Ta tambayi babanta ko nakiya biyu ake tashi. Ya ce ɗaya ce, dutsen ne yake mayar da magana. Ta daɗe tana juya wannan a ranta, ta yaya dutse zai mayar da magana amma ya canza mata murya.

Da haya ta fi ƙarfinsu suka koma Kurudu. Ta gama sakandare, gurbin karatu ya ƙi fitowa, sai ta kama aiki a wani shagon cajin waya da tura waƙoƙi. Wuni guda waƙoƙi suna bi ta lasifika ɗaya, 'yar ƙarama mai tsagaggen baki. Abin da ya ɗaure mata kai shi ne, wata waƙar in ta fito sai ta cika shagon har bakin titi, wata kuwa sai ta fito a shaƙe kamar an rufe mawaƙin a cikin kwali. Mai shagon ya ce sa'a ce kawai. Wani da ya kawo caji ya ji su, ya ce ba sa'a ba ce, aiki ne, sunansa miksin, wato haɗa sauti, kuma akwai mai koyar da shi a Gwarinpa.

Daga Kurudu zuwa Gwarinpa tafiya ce ta mai niyya. Mota uku ake shiga, ga cunkoson Karu da Nyanya. Serah ta roƙi mai shagon ya bar mata wasu ranaku a mako, ta fara zuwa.

Sutudiyon ɗaki guda ne a saman wani shagon kayan gini, bangonsa lulluɓe da soso. Mai shi, Abdulhakim, Bazazzagi ne mai ƙaton ciki da dariya kusa. Yana yin tallan rediyo da waƙoƙin biki, yana kuma koyar da matasa. Ranar farko ya buɗe mata wata waƙa a kwamfuta, sai ta ga ashe waƙa ba dunƙule guda ba ce. Layi-layi ce a jere, kowane da launinsa, ga ganga, ga fiyano, ga murya. Ya danna wani wuri, ganga ta ɓace, sauran suka ci gaba abinsu. Serah ta kai hannu ta rufe baki.

"Malama Serah, tun yanzu?" in ji shi. "Ai ba ki ga komai ba."

Ya nuna mata allon, an rarraba shi gida-gida kamar na dara, kowane bugu da gidan da zai faɗa. Ya kunna mata wani sauti mai cewa ƙas, ƙas, ƙas, ba ya sauri ba ya jinkiri. Ya ce wannan shi ne agogon kiɗa, duk abin da za a gina a kansa ake ginawa. Wanda ya kauce masa ko da ƙiris ne, akwai maɓallin da yake jawo shi ya zaunar da shi a gidansa.

Shimfiɗa kiɗa ba ta ba ta wahala ba. Ta gane inda ake shigo da ganga, inda ake ɗauke komai a bar fiyano shi kaɗai don kunne ya huta, inda ake dawo da su gaba ɗaya. Haɗa sautin ne ya sha mata kai. Komai take so a ji, sai ta ɗaga kowa, waƙar ta zama kasuwa.

"Kin taɓa shiga tasi daga Nyanya?" Abdulhakim ya tambaye ta wata rana.

"Kullum ma, Oga."

"Mutum nawa a baya?"

"Huɗu."

"To in huɗun nan kowa ya jingina, ƙofa za ta rufu? Dole wani ya matso gaba, wani ya koma baya, wani ya zauna da rabin ɗuwawu. Wannan mai kaurin," ya nuna layin da yake ruri a ƙasa, "shi ne irina. In kin ba shi wuri, ki san wanda za ki matse."

Ta yi dariya har da hawaye, amma daga ranar ta fara jin waƙa da wani kunne. Ko a mota aka saka, sai ta riƙa neman wanda ya jingina da wanda aka matse.

Ana cikin haka maganar taron gunduma ta taso. Duk shekara matan zumunta na coci-coci sukan haɗu a Karu, kowace ƙungiya ta fito da ankonta ta yi waƙa guda. Mama Magdalena ta daɗe tana bayar da waƙoƙin da wasu suka tsara. A bana ne karon farko ta kawo tata, wadda ta ce ta zo mata ne tana wanki. Takan ɗaga murya ta ce, "Mai ba tsuntsu reshen kwana," mata su amsa, "Ba zai bar ni a rana ba." Ta ce, "Mai ba kifi ɗaki a ruwa," su sake amsawa. Yawancin matan 'yan haya ne, sun san abin da ake nufi da a bar mutum a rana. Nan take suka karɓe ta.

Sai ga labari daga Jos, 'yar Mama Justina ta kusa haihuwa. Mama Justina ita ce mai buga tulu, wanda ake dukan bakinsa da faifan soso ya ba da sauti mai zurfi, kuma a kansa duk sauran kayan kiɗan suke hawa. Wankan jego ba a aika wakili, dole ta tafi, kuma ba za ta dawo ba sai bayan taro. An gwada mata biyu a kan tulun. Ɗaya hannunta ya yi nauyi, ɗaya kuma da an fara rawa sai ta manta da tulun ta shiga rawar.

Shugabar zumunta, Mama Margaret, tsohuwar malamar firamare ce, ba ta son a je gaban jama'a a ji kunya. Ta ce a ajiye sabuwar waƙa, a ɗauko wata tsohuwa da ake yi da tafi kawai. Nan Mama Magdalena ta miƙe, ba ta ko shawarci kowa ba.

"'Yata za ta yi mana kiɗan. Abin da take koyo ke nan a Gwarinpa."

"Da kwamfuta?" in ji Mama Margaret.

"Da ita."

"To, mu gani. In bai yi ba, Magdalena, waƙarki sai baɗi, in Allah ya kai mu."

Serah ba ta ji zancen ba sai a gida, lokacin alƙawari ya riga ya fita daga baki. Ta kalli uwarta, ta ga yadda take ta goge kwanon da ya riga ya bushe, sai ta ce za ta gwada.

Kafin Mama Justina ta tafi, Serah ta aro makirufo ta same ta a gida da tulun.

"Mama, ki buga min sau ɗaya."

"Sau ɗaya me?"

"Bugu ɗaya kawai, sai ki tsaya."

"Ke 'yar nan, ana buga tulu sau ɗaya ne? Ko ƙofa aka je ƙwanƙwasawa ai sau uku ake yi."

Da ƙyar ta yarda. Ta buga mai zurfi, ta buga na gefe, ta buga wanda ake danne bakin. Duk bugun da ta yi sai hannunta ya nemi ya zarce, ta riƙe shi da ɗayan tana dariya. Da Serah ta saka mata abin kunne ta ji bugunta yana dawowa, sai ta zare ido.

"Yanzu kin kwashe ni kin zuba a ciki ke nan? To ki riƙa ba ni abinci a can."

Serah ta zauna a kan aikin nan kamar mai saƙa. Ta jera bugun tulun gida-gida, ta ɗora kacau-kacau, ta sa fiyano mai laushi a ƙasa. Ta sa uwarta ta rera mata waƙar a waya, ta ƙirga baitocin ta yi wa kowane wurinsa. A tsakiya ta buɗe wani fili, ta ɗauke komai ta bar fiyano yana tafiya shi kaɗai kafin tulu ya dawo da ƙarfinsa. Wurin nan ta fi so a duk aikin. Abdulhakim ya saurara ido a rufe, ya rage mata kacau-kacau kaɗan, ya ce in wani ya tambaya ta ce shi ya koya mata.

Ranar gwaji da la'asar aka jona kwamfutar aro da lasifikar coci. Da tulun ya fito, mata suka juya suna neman Mama Justina, wata ta rangaɗa guɗa. Baiti na farko ya tafi sumul, Serah ta ji zuciyarta ta sauka.

A baiti na biyu mata suka fara taka ƙafa. Da ƙafa ta shiga, sai amshin ya fara isowa kafin tulu. Kaɗan ne da farko, sannan ya zama rabin taki. Wasu suka ja baya don su jira kiɗa, wasu suka bi Mama Magdalena, sahu ya rabu biyu. Ana cikin wannan sai ga Precious, wata matashiya da ta haihu kwanan baya, ta shigo da goyonta, fitarta ta farko. Mama Magdalena tana hango ta, sai ta yi abin da kowace mai bayar da waƙa take yi, ta ƙara baiti nan take: "Ga Precious ta zo da goyo!" Mata suka amsa da murna, "Ba zai bar ta a rana ba!" Daidai nan kiɗan ya isa filin da Serah ta buɗe. Tulu ya ɗauke, kacau-kacau ya ɗauke, aka bar fiyano yana lallaɓawa shi kaɗai a ƙarƙashin mata masu rawa. Kafin su gama mamaki, kiɗan ya dawo, ya yi ƙarshensa mai kyau, ya yi shiru. Mata kuwa suna tsakiyar waƙa.

Dariya ta ɓarke. Wata ta ce ashe Justinar cikin kwamfuta ma ta tafi Jos. Mama Margaret ba ta yi dariya ba. Ta ce saura gwaji ɗaya kafin taro, in an sake haka a ranar, magana ta ƙare.

A hanyar gida, da suka wuce masu gasa masara, Mama Magdalena ta juyo ta dube ta.

"Kiɗanki yana da daɗi, Serah. Amma ba ya jin magana."

Kunya ta kama Serah, amma ba ita ta fi damun ta ba. Tambaya ce. Ta san agogon kiɗa ba ya kuskure. Ta kuma san matan nan shekara da shekaru suna waƙa tare, ba ta taɓa jin sun rabu ba. To wa ya kauce?

Ta kwashe duk bidiyon gwajin baya da ke wayar uwarta, na lokacin da Mama Justina take nan, ta tafi da su Gwarinpa. Ta ɗora sautin ɗaya a kan allon mai gidaje. Da farko bugun tulun yana faɗawa kusa da gidajensa. Can sai ya fara gudu yana barin su a baya. Ta ɗora na biyu, haka. Na uku, haka. Babu biyu da tsawonsu ya zo ɗaya, wani ya ninka wani. Amma a dukkansu, saurin yana farawa ne daidai inda ƙafa ta shiga.

Ta kira Abdulhakim ya gani.

"Oga, duba. Ba kuskure ba ne. Kullum a nan suke yi."

Ya sunkuya ya duba, ya sosa gemu. "Lallai kam. Amma maganin mai sauƙi ne. Ki gaya musu su bi kiɗa, kowa ma haka yake yi. Su haddace baitocin, kada a ƙara, kada a rage."

"Ka zo ka gaya wa Mama Margaret."

"Ni? Ina da iyali, Malama Serah."

"Kuma in wata ta shigo da goyo a Karu fa? Mama ba za ta iya yin shiru ba. In ta yi shiru ma, ba waƙarta ba ce kuma."

Abdulhakim ya jawo durowa ya fito da wani ɗan akwati mai maɓallai na roba, ya busa ƙurar da ke kansa. Ya ce masu kiɗan dandali ne suke amfani da shi. Ana yanka kiɗa gutsure-gutsure, kowane gutsure a ɗora shi a kan maɓalli, ya yi ta maimaita kansa har sai an danna wani. Akwai kuma maɓalli guda da ake ƙwanƙwasawa da yatsa, in ka yi sauri kiɗan ya yi sauri, in ka sassauta ya sassauta.

"Amma ki sani," in ji shi, "kin tashi daga mai gini kin koma direba. Kuma wannan filin fiyanon naki ba shi da wurin zama."

Ta yanke filin da hannunta. Ta ajiye shi a wani wuri daban a kwamfutar, ko wata rana.

Saura ta san yaushe za ta danna me. Ta kira Mama Justina a waya, ana jin kukan jariri a bayanta.

"Mama, ta yaya kike sanin Mama za ta ƙara baiti, ko za ta tsaya?"

"Ki bi ta kawai."

"Ta ina zan bi ta?"

"Ke, ruwan zafi yana huce min. Ki bi ta, na ce."

Serah ta koma kan bidiyon, wannan karon ta kashe sautin gaba ɗaya. Ta zuba wa uwarta ido tana waƙa ba murya, ta mayar baya, ta sake, ta sake. Ta zauna da matar nan duk rayuwarta amma ba ta taɓa kallon ta haka ba. A hankali abubuwa suka fara fitowa. Kafin ta ƙara baiti, kafaɗarta ta hagu takan ɗan ɗaga. In tana son sauri, dunduniyarta ce take fara dukan ƙasa kafin muryarta ta bi. In za ta rufe waƙa, sai ta dunƙule hankicin da ke hannunta. Duk bidiyon da ta duba, haka ne.

Murna ta hana ta riƙe abin a ciki. Ta sami uwarta tana tuƙa tuwo, ta zayyana mata duka.

"Ni? Kafaɗa?" in ji Mama Magdalena. "Ba na yin komai. Waƙa kawai nake yi."

"Wallahi kina yi, Mama. Zo ki gani."

Babanta yana zaune a ƙofa yana gyaran tocila, ya ce, "Kafaɗar hagu ko? Ai ni na daɗe da sanin ta. In ta ɗaga, nakan nemi hulata."

Mama Magdalena ta harare shi, amma da aka gama cin abinci Serah ta hango ta a gaban madubi, tana rera waƙar ƙasa-ƙasa tana leƙen kafaɗarta.

Kafin ranar, Serah ta roƙi mabuɗin coci ta je da rana ba kowa. Rufin kwano ne, ƙasa siminti, tulun da ya zauna daram a sutudiyo a nan sai ya riƙa ruri yana cika ko'ina. Ta rage masa kauri, ta je bayan coci ta saurara, ta dawo ta sake ragewa, har ya tsaya inda muryar mutum za ta iya hawa kansa.

Ranar gwajin ƙarshe aka fara da gardama. Serah ta ce tana so ta zauna a gaba, inda za ta ga uwarta. Wata ta ce gaban sahu na matan zumunta ne, zumunta kuwa ta matan aure ce, budurwa wurinta can gefe wajen lasifika. Mama Margaret ta saurari kowa, sannan ta tambaya a ina mai tulu take zama. Aka ce a gaba. Ta ce to tulun yana hannun wa yanzu? Aka kawo wa Serah kujerar tsugunon Mama Justina, ta ɗora akwatin a cinya.

Ta danna, tulu ya fito. Ta ɗaga ido ta kalli uwarta. Mama Magdalena ta tsaya ƙiƙam kamar an dasa ta. Kafaɗunta a danne, ƙafafunta a haɗe, hankicin ta riƙe shi da yatsa biyu nesa da jikinta. Tana waƙa tana satar kallon Serah. Da ta tuna ana jiran alama, sai ta ɗaga kafaɗa har kunne, alhali ba baitin da za ta ƙara. Ta buga dunduniya da ƙarfi, Serah ta ƙara sauri, mata ba su shirya ba. Can hankicin ya nemi faɗuwa, ta cafke shi a tafin hannu. Serah ta ga an dunƙule, ta danna rufewa. Kiɗa ya tsaya a tsakiyar baiti.

Wannan karon ba wanda ya yi dariya. Mama Margaret ta fara naɗe gilashinta.

Serah ta gane abin da ta yi. Ita ta nuna wa uwarta jikinta, yanzu uwar ta kasa mantawa da shi. Sai Serah ta ce, "Mama Shugaba, don Allah a ƙara mana ɗaya."

"An ce ɗaya, an yi ɗaya."

"Laifina ne, ba na waƙar ba."

Mama Margaret ta dube ta ta saman ido. Ba a saba jin muryar yarinyar nan a coci ba. Ta mayar da gilashin a fuska, ta yi musu alama su sake.

Serah ta ja kujerar ta koma bayan uwarta. "Mama, ki juya min baya. Ki kalli mata. Ba na nan."

"To ta yaya za ki gani?"

"Ki bar ni da wannan."

Ita kanta ba ta sani ba. Abin da take gani yanzu ɗaurin ɗankwali ne da bayan riga, sai sahun mata a gaba. Ta danna. Baiti na farko ya fito a ɗarare. A na biyu wata tsohuwa a ƙarshen sahu ta fara taka ƙafa, na kusa da ita suka ɗauka, siminti ya fara amsawa. Serah ta sa yatsa a kan maɓallin tana ƙwanƙwasawa tare da su, tulun ya ɗaga ƙafa ya bi. Ta ji bayan uwarta ya saki. Muryar ta buɗe, irin wadda take fitowa in tana wanki ba ta san ana ji ba.

Mama Magdalena ta ƙara baiti a kan Mama Justina da jikanta. Ta ƙara a kan masu neman ɗaki. Serah ta bar gutsuren yana zagayawa, ta shigo da fiyano a ƙasa, ta fitar da shi da ta ji ya tsaya wa amshi a hanya. Sau ɗaya ta yi gaba da su, ta ja baya, ba wanda ya waiwaya. Sannan Mama Magdalena ta juya wajen shugaba ta rera, "Ga Margaret ta naɗe gilashi!" Mata suka kwashe da amshi suna dariya, "Ba zai bar ta a rana ba!"

Can sai yatsan Serah ya tafi kan maɓallin rufewa ya danna. Ba ta ga hankici ba, ba ta ga komai ba. Tulu ya yi bugunsa na ƙarshe, muryoyin mata suka sauka tare da shi, cocin ya yi tsit.

Mama Margaret ta bari guɗa ta lafa tukuna.

"Magdalena, baitin gilashin nan, kada in ji shi a Karu." Ta juya wajen ma'aji. "A nemo wa yarinyar nan zanen anko. Ba za ta zauna mana a gaba da wandon nan ba."

"Anko ba miji?" wata ta ce daga baya.

Mama Margaret ta ce, "Aro muka ba ta. Ta kawo mijin kafin baɗi, ko ta dawo mana da zanenmu."

An yi waƙar a Karu. Mama Magdalena ta hango mutanen garinsu a cikin taron, ta yi ta ƙara baiti har mai gabatarwa ya fara zagaye da makirufo a hannu, tulun kuwa bai bar ta ba.

Serah ta koma darasinta a Gwarinpa. Akwai wadda ta ɗauki gwajin ƙarshen nan a waya, Serah ta karɓa. Abdulhakim ya tambaye ta me ta gani har ta rufe daidai, ta ce ba ta sani ba tukuna. Ta duba da sauti, ta duba ba sauti. Ta duba ɗankwalin, ta duba ƙafafun sahun gaba, ta duba fuskar tsohuwar da ke ƙarshe. Yanzu zarginta ya koma kan wata mai kacau-kacau da take ɗan sunkuyawa gab da ƙarshe, amma a bidiyon Karu matar ba ta sunkuya ba. Ta roƙi uwarta ta riƙa ɗauko mata duk gwajin da za a yi nan gaba, ta kuma yi wa kanta alƙawari, in ta gano, ba za ta gaya wa kowa a zumunta ba.